Likitanci bai samu ba: a karɓi Maikirobayoloji, a nemi kwas mai lasisi, ko a sake JAMB?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye a shafin CAPS na JAMB, gidaje da dama a Gombe da Bauchi sukan shiga shawara iri guda. Yaro ya nemi likitanci, makinsa ba laifi amma bai kai inda aka yanke ba, sai jami'a ta tura shi Maikirobayoloji ko Bayokemistiri ko Anatomi ko Fiziyoloji. A fuskar kwamfuta zaɓi biyu ne, ya karɓa ko ya ƙi. Uba ya ce, "Kai dai karɓi, da babu gara ba daɗi, in ka shiga ka canza." Yaro ya danna a shagon intanet, a gida a yi ta barka. Sai bayan an gama bautar ƙasa ake zama a duba abin da aka karɓa.

Ni Kemistiri nake koyarwa a sakandare a nan Gombe, kuma babu tambayar da ɗalibaina da iyayensu suka fi kawo mini kamar wannan. Hanyoyi uku ne a gaban irin wannan yaro: ya karɓi kwas ɗin kimiyyar da aka ba shi, ya koma neman ɗaya daga cikin kwasa-kwasan asibiti masu lasisi, ko ya haƙura da shekara guda ya sake zana JAMB. Kowacce akwai wanda ta dace da shi. Abin da ke raba su shi ne lasisi, da kuma ko digirin farko shi kaɗai zai ciyar da mai shi, ko kuwa sai ya ɗora na biyu da na uku a kai kafin ya ga amfaninsa.

Bari in fara da maganar "in ka shiga ka canza", domin ita ta fi cutar da yara. Kowace makarantar likitanci a Najeriya tana da adadin ɗaliban da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta amince mata ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da girman asibitin da take koyarwa a ciki. Jami'ar da ta zarce adadin, ita da ɗalibanta ne za su sha wahala ranar rantsarwa. Shi ya sa ko waɗanda aka ɗauka likitancin tun farko ana tace su a ƙarshen aji ɗaya, wanda ya gaza a mayar da shi wani sashe. Ruwan daga likitanci yake gangarowa zuwa Anatomi da Bayokemistiri, ba kasafai yake haurawa ba. Wasu jami'o'in sukan bar 'yan gurabe ƙalilan ga zaƙaƙurai, wasu kuma sun rufe ƙofar gaba ɗaya. Akwai hanyar da ta rage, wato mutum ya gama digirinsa da sakamako mai ƙarfi sannan ya nemi shiga aji biyu na likitanci ta DE, wato shiga kai tsaye da takardar da ya riga ya mallaka. Ana yi, amma a yi lissafi: shekara 4 na farko, 5 na biyu, ga horon asibiti, ga kuɗin makaranta sau biyu a wuyan uba ɗaya, kuma gurbin DE ɗin ma kokawa ake yi a kansa. Duk wanda zai karɓi Maikirobayoloji, ya karɓe ta a kan ita zai karanta har ƙarshe.

Yanzu ga maganar lasisi. Idan akwai takardar gwajin jini a gidanku, ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko ta asibitin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, ɗauko ta ka dubi ƙasa. Za ka ga sa hannun wanda ya fitar da sakamakon. Tun dokar 2003 da ta kafa majalisar masu gwaje-gwajen asibiti, MLSCN, wannan aiki na wanda majalisar ta yi wa rajista ne, kuma digirin Maikirobayoloji ko Bayokemistiri ba ya ba mutum wannan rajistar. Yaro zai shekara huɗu yana nazarin ƙwayoyin cuta, ya san sunan kowace, ya iya shuka su a faranti ya gane su a madubin likita, amma ranar da asibiti ta buɗe ɗaukar ma'aikatan ɗakin gwaji, wanda ya karanta Medikal Lab za a kira. Iyaye da yawa ba su san wannan ba, suna ganin duk "aikin lab" ɗaya ne. Yaran ma sai sun kai aji uku suke ji a bakin na gaba da su.

Kwasa-kwasan da ke da lasisi su ne jinya, da Medikal Lab, da ɗaukar hoton asibiti wato Rediyogirafi, da gashin ƙashi, da harhaɗa magunguna wato Famasi. Jinya da Medikal Lab da Rediyogirafi shekara 5 ne a jami'a, Famasi kuwa yanzu ta koma 6. Bayan nan akwai shekara guda ta horo a asibiti, wadda ake biyan albashi a cikinta, sannan bautar ƙasa. Kowanne da majalisar da ke rantsar da shi ta ba shi lasisi. Amfanin wannan takarda a fili yake: ta taƙaita yawan masu neman aikin. Idan asibitin kuɗi a Tumfure ko Wunti na neman mai ɗaukar hoto, masu digiri dubu da ke zaune a gari ba su da damar nema, sai 'yan kaɗan ɗin da ke da rajista. Mai lasisin Famasi zai iya buɗe kantin magani da sunansa, mai na Medikal Lab ya buɗe ɗakin gwaji. Ma'aikaciyar jinya kuwa ko a ƙauye aka kai ta aure, asibitin garin na buƙatarta, kuma duk mun san yadda mata a yankinmu ke ƙin zuwa awo ko haihuwa idan ba mace za su tarar ba. Ga wanda ke da niyyar fita waje ma, wannan hanya ta fi miƙewa. Birtaniya tana ɗaukar ma'aikatan jinya bayan jarrabawar Turanci da nata jarrabawoyin biyu, Amurka tana da tata mai suna NCLEX, kuma 'yan Arewa da dama suna aiki a asibitocin Saudiyya.

Sai dai kada a ɗauka hanyar a share take. Jinya musamman ta zama abin rububi, makin da ake yankewa a kanta a wasu jami'o'in ya kusa kamo na likitanci, don haka wanda zai sauya, ya sauya a shafin JAMB da wuri, tun kafin jarrabawar tantancewa ta jami'a. Bayan an gama kuma, samun gurbin horon shekara ɗayan nan kan ɗauki watanni, domin asibitocin da aka amince su horar ba su kai yawan masu fitowa ba. Aikin kansa ga tsayuwa ga kwanan asibiti, ga 'yan uwan majiyyaci da ke sauke fushinsu a kan wanda suka tarar a ɗaki. Akwai kuma abin da nake faɗa wa duk yaron da zuciyarsa ke kan likitanci: a asibitin gwamnati tsarin albashin likita daban, CONMESS, na sauran ma'aikatan lafiya daban, CONHESS, kuma shugabancin asibitin koyarwa a hannun likitoci yake. Idan ka san kullum za ka riƙa kallon likita kana jin zafin "da ni ne", to ka yi wa kanka adalci tun yanzu. Majiyyaci ba ya jin daɗin hannun wanda ke aiki da takaici.

A waɗannan kwasa-kwasai digiri na biyu ƙari ne. Mutum na aikinsa yana karɓar albashi, idan ya so koyarwa a jami'a ko ƙwarewa ko shugabancin sashe sai ya koma ya yi, galibi da kuɗin aljihunsa ko da hutun karatu daga wurin aiki. Ko da 2:2 ya fita, wato ƙaramar daraja ta biyu, lasisinsa bai ragu da komai ba.

A ɓangaren Maikirobayoloji da 'yan uwanta kuwa abin a juye yake, kuma a nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure ta fuska biyu: wasu su karɓa da ka, wasu kuma su raina kwas ɗin da bai cancanci raini ba. Shekara 4 ne a yawancin jami'o'i, 5 a jami'ar fasaha irin ATBU. Da digirin farko kaɗai, ayyukan da suka dace da shi su ne duba ingancin kaya a kamfanonin abinci da lemo da magani, da hukumomi irin NAFDAC da SON, da hukumar ruwa. Matsalar ita ce manyan kamfanonin suna Legas da Ogun da Kano, hukumomin kuma ba kullum suke ɗauka ba. Abin da ke samuwa nan take a Gombe da Bauchi shi ne koyarwa a makarantar kuɗi, kuma da yawansu abin da suke biya bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Yaron da ya saba da alawus na naira 77,000 a bautar ƙasa, ranar da ya karɓi takardar sallama sai ya ga kuɗinsa sun ragu. Anatomi da Fiziyoloji sun fi ƙunci ma, domin kasuwarsu kusan guda ce, koyar da ɗaliban lafiya da bincike.

Amma wannan kasuwa gudar ta gaske ce. ATBU tana da kwalejin likitanci, Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 tana da likitanci da Famasi, an kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare a 2021, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau da Jami'ar Tarayya ta Kashere, waɗanda duka suka fara a 2011, ga kwalejojin jinya da na lafiya da na ilimi. Dukkansu suna buƙatar masu koyar da waɗannan darussa. Abin bincike kuwa yana bakin ƙofarmu. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari a ƙasar nan. A Kaltungo akwai asibitin saran maciji, inda aka gwada maganin dafi na EchiTAb a kan waɗanda kububuwa ta sara, tare da masana daga Libaful ta Ingila da ƙasar Kosta Rika. Gano abin da dafi ke yi wa jini har ya hana shi daskarewa, aikin ɗan Bayokemistiri ne tsantsa. Yaron da irin wannan tambaya ke hana shi barci, ba na ce masa ya bar kwas ɗinsa don kowa.

Sharaɗin dai shi ne ya shiga da sanin cewa tafiyarsa sai digiri na uku, kuma makullin wannan tafiya shi ne sakamako. A ma'aunin maki 5, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, 2:1 daga 3.50, 2:2 daga 2.40. Yawancin jami'o'inmu suna karɓar mai 2:2 a digiri na biyu, mai daraja ta uku kuma sai ya fara da difloma ta gaba da digiri. Amma karɓa daban, samun mai biya daban. Jami'a idan za ta ɗauki ƙaramin malami daga cikin waɗanda suka gama, mai daraja ta ɗaya ko 2:1 take nema. Tallafin karatu na TETFund na malaman makarantun gwamnati ne, wato sai an fara ɗaukarka aiki kafin ya iso gare ka. Na PTDF ya fi karkata ga fannonin mai da iskar gas da makamashi. Chevening na Birtaniya sai mutum ya yi aiki na shekara 2. Na Commonwealth da DAAD ta Jamus duk sakamako mai ƙarfi suke dubawa, da takardun shaida daga malaman da suka san aikinka.

A nan ne "in ka shiga ka canza" ke yin ɓarnarta ta biyu. Yaro ya shiga aji ɗaya rabin zuciyarsa na kan sabon fom ɗin JAMB, yana ganin zaman wucin gadi yake yi, ya kwashi kariyoba biyu-uku a Lissafi da Fiziks. Canjin bai samu ba, ya dawo hayyacinsa a aji biyu, amma makin aji ɗaya ya riga ya shiga lissafi, kuma jan maki daga 2.5 zuwa 3.5 aiki ne ja. Ƙarshe ya fita da 2:2, babu lasisi, babu sakamakon neman tallafi. Sai ya tattara ɗan abin da yake samu a makarantar kuɗi ya yi digiri na biyu a wannan fannin dai, ya dawo makarantar kuɗin da takarda biyu. Na ga wannan a tsoffin ɗalibaina har ba na son tunawa, kuma cikinsu akwai waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Digiri na biyu ba ya gyara rashin lasisi. Wanda ya riga ya faɗa wannan hali, shawarata ya karkata: ko ya yi digiri na biyu a lafiyar al'umma ya haɗa da koyon sarrafa alƙaluma a kwamfuta, abin da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas suke nema, ko ya yi diflomar koyarwa ta shekara ɗaya ya zana jarrabawar TRCN, ya zama malami mai rajista da zai iya neman aikin gwamnati.

To sake JAMB fa? Ga yaron da ke da shekara 16 ko 17, wanda tazarar makinsa da inda aka yanke ba ta da yawa, kuma sakamakonsa na WAEC ko NECO ya cika, ina goyon bayan ya sake sau ɗaya. Shekara guda ba komai ba ce a kan aikin da mutum zai yi shekara talatin yana yi. Amma ta zama shekarar karatu ta gaske, da jadawali da malami da tsoffin tambayoyi, kuma a wannan karon ya shirya kwas mai lasisi da zai koma kansa nan take idan makin bai kai ba. Sau biyu, sau uku kuwa, ban yarda ba. Likitanci shekara 6 ne, ga shekarar horo, ga bautar ƙasa, 8 ke nan idan komai ya tafi daidai. Kuma ba kullum yake tafiya daidai ba: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Bayan nan idan likita na son zama ƙwararre, akwai wasu shekarun na horo da jarrabawoyin kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ko da yake a lokacin yana kan albashi. Gidan da ke da ƙanne shida a baya, uba kuma na dab da ritaya, dole a sa wannan a ma'auni, ko da an samu rancen ɗalibai na NELFUND ya ɗauke kuɗin rajista.

Irin wannan gida ma akwai hanyar da ta fi gajarta, wato kwalejojin jinya da ungozoma na Gombe da Bauchi, da na fasahar lafiya a Kaltungo da Ningi. Wanda ya fita daga kwalejin jinya lasisinsa daga majalisa ɗaya yake da na ɗan jami'a, kuma zai iya komawa ya yi digiri yana kan aiki, ta DE ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a. Ya dai sani cewa ba zai yi digiri na biyu a jinya ba sai ya fara mallakar na farkon, kuma wanda ya tsaya a matakin ma'aikacin lafiyar al'umma ko mataimakin ɗakin gwaji, akwai inda ƙarin girmansa ke tsayawa.

Wasu kan ce to a koma Injiniya ko Kwamfuta mana, musamman tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022. Mai neman likitanci Bayoloji da Kemistiri da Fiziks ya zana tare da Turanci, babu Lissafi, don haka wannan sakamakon ba zai kai shi can ba sai ya sake jarrabawa. Abin da zai kai shi kuma ake mantawa da shi shi ne likitan dabbobi, wanda ake karantawa a Zariya da Maiduguri da Sakkwato da Jos. Yana da lasisinsa, masu nemansa ba su kai na likitancin mutane ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Tike ana gobe Sallah, ko ya ga yadda gidajen kaji ke ƙaruwa a bayan gari, ya san mai wannan ilimi ba sai ya jira gwamnati ba. Haka Noma da koyar da kimiyya, duk suna karɓar waɗannan darussa.

Idan uba ya zauna a gabana ya ce, "Malam, kai me ka gani?", ga abin da nake cewa. Yaron da asibiti yake so, kuma gida na jiran ya fara kawo wani abu, ya nemi kwas mai lasisi, ko da a kwaleji ne, ko da sai ya bar jiharsa zuwa Maiduguri ko Kano. Wanda ƙarami ne kuma ya kusa kaiwa, ya sake sau ɗaya. Wanda kimiyyar kanta yake so, yana da kan da zai riƙe 3.50 zuwa sama tun daga zangon farko, gida kuma zai iya haƙuri da shi har digiri na uku, ya karɓi Maikirobayoloji ko Bayokemistiri da hannu biyu. Wanda kuwa dalilinsa kawai kada a ce abokansa sun tafi sun bar shi a gida, shi ne nake roƙo kada ya danna.

Kafin a biya ko sisi a kwas mai lasisi, akwai binciken da ya zama dole. Amincewar hukumar jami'o'i, NUC, daban take da ta majalisar da ke ba da lasisi, kuma sashe kan samu ɗaya bai samu ɗayar ba, musamman sabbin sassa da ƙananan kwalejojin lafiya masu zaman kansu da suka yawaita yanzu. Ɗalibin da ya gama a inda majalisa ba ta amince ba, takarda zai riƙe ba tare da izinin aiki ba. Majalisun suna fitar da jerin makarantun da suka amince da su a shafukansu na intanet, a duba sunan makarantar da na kwas ɗin. Sannan uba ko yaya ya taka da ƙafarsa zuwa sashen, ya wuce ofis ya nemi 'yan ajin ƙarshe, ya tambaye su ko an rantsar da waɗanda suka gabace su, da kuma wata nawa suka yi kafin su samu gurbin horo.